Kurmin abinci da kiwo a hekta biyu: a fara da lissafin rani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, saura mini shekara biyu in yi ritaya. Ina da gonar gado kimanin hekta biyu a wani ƙauye ta hanyar Soba, da tsohuwar rijiya a gefenta, da ɗorawa uku da kuka ɗaya. Ina yawan kallon bidiyon tsarin noman da ake kira famakalca, inda mutum ke mayar da gonarsa kurmin itatuwan abinci, ya haɗa da kiwo, ya daina sayen taki. Ina so in koma can da iyalina. Zai yiwu a ƙasarmu? Da me zan fara, kuma saniya nawa zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai mu ritayar lafiya, ya sa a karɓi haƙƙi ba tare da jeka-ka-dawo ba.

Zai yiwu, amma ba da fasalin da ka gani a waya ba, kuma ba da saniya za ka fara ba. Yawancin gonakin da ake nunawa suna ƙasashen da ruwan sama ke rarrabuwa a kusan duk watannin shekara, ko kuma akwai famfon da ke aiki a bayan mai ɗaukar hoton. Mu nan Zariya mukan samu milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, wanda ba kaɗan ba ne. Sai dai duk a wata biyar yake zubowa, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, ya yi mana yawa a Agusta, sannan ya ɗauke ƙaf. Daga Nuwamba sai hunturu, sai kuma zafin bazara. Duk itacen da ka dasa da duk dabbar da ka ɗaure dole su haye waɗannan watanni shida. Idan za ka tsara gonar nan, ka je ka tsaya a tsakiyarta a ƙarshen Maris, lokacin da ƙasa ta yi fari fat, awakin gari suna yawo suna tauna leda, ka tambayi kanka me zai rayu a nan kuma me zai shayar da shi.

Tsarin da kake magana a kai wasu mutanen Ostareliya biyu ne, Bill Mollison da David Holmgren, suka tattara suka fitar a 1978. Jigonsa shi ne a jera abubuwan gona yadda sharar wani za ta zama abincin wani, a ajiye abin da ake leƙawa kullum kusa da ƙofar gida, a kuma dogara da itatuwa da tsirrai masu daɗewa. Da yawa a cikin wannan manoman ƙasar Zazzau sun riga su. A shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma a Jami'ar Ahmadu Bello, David Norman, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi gona-gona, yana auna abin da suka shuka da abin da suka girba. A lokacin malaman gona na ganin haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya rashin wayewa ne. Lissafinsa ya nuna haɗin ya fi shuka guda tilo kawo amfani a eka, ya kuma fi kare manomi daga tashi a tutar babu idan damina ta yi gardama. Ɗorawa ukun da kukar da ka gada ma wani ne ya bar su da gangan, don kalwa da miya. Kada gatari ya taɓa su.

Abu na farko rijiyar nan. A watan Afrilu, kafin ruwan farko, ka sa a kwashe ta da safe ana ƙirga jarka, ka dawo da yamma da washegari ka ga nawa ta mayar. Abin da take mayarwa a yini a wannan watan shi zai faɗa maka girman lambunka. Dashen mangwaro ko lemo ko gwaba a raninsa na farko yana son kamar jarka ɗaya mai lita 25 sau biyu a mako, in an rufe gindinsa da ciyawa. Itace hamsin ke nan jarka ɗari a mako, lita 2,500. A mako 26 na rani, lita 65,000. Rani biyu za ka yi kana wannan, wasu ma uku, kafin saiwa ta kai inda za ta riƙa shayar da kanta. Da za ka cika hekta biyun da mangwaro a tazarar mita goma-goma, itace 200 ne, jarka 400 duk mako, ban da na sha da wanka da na dabbobi. Na sha ganin gonaki a hanyar Kaduna da ta Funtuwa da aka dasa ɗaruruwan itatuwa a Yuli, aka ɗau hoto, kafin Maris sai sanduna a tsaye.

Ruwan indararo yana da amfani, amma ka san iyakarsa. Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowane murabba'in mita. Rufin kwano mai mita goma tsawo goma faɗi zai tara kusan lita 100,000 a damina. A cire wanda ya fantsale da na wanke rufi, a ce 80,000. Ina za ka zuba shi? Tankin roba mai lita 5,000 mako biyu kacal zai shayar da itatuwa hamsin ɗin nan. Ka bar shi don sha da renon ƙananan dashe. Idan kuma burtsatse kake tunani, irin dutsen da kake hange a Kufena shi ne shimfiɗe a ƙarƙashin yawancin ƙasar Zariya, ruwan kuwa yana cikin tsaguwar dutsen ne da ruɓaɓɓen samansa. Shi ya sa za ka ga biyu a unguwa ɗaya, wannan tana cika tanki, waccan tana ɗigo. Kada a kafa injin haƙa sai an yi awon ƙasa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ban ruwa da injin mai ya yi wa ƙaramin lambu nauyi. Famfo mai aiki da hasken rana da tanki a sama ya fi, ko da kuɗin farko ya yi ciwo.

Na biyu shinge, kuma a nan masu bidiyo suka fi yin shiru. Al'adar ƙauyukanmu a ɗaure awaki da tumaki da damina, a sake su bayan an kwashe amfani. Daga Disamba gonarka ta zama makiyayar kowa, kuma dashenka ne kaɗai kore a cikinta. Akuya idan ta ɓare ɓawon ƙaramin mangwaro ta zagaye shi, ya mutu ke nan. Kewaye hekta biyu, in mita 100 ne da 200, shingen mita 600 ne. Kewaye kwatar hekta, mita 50 da 50, mita 200 ne kawai. Don haka ka yanki kwata ɗaya a gefen rijiya ka kewaye ta da waya, ko darni mai kauri da ƙaya, ta ciki kuma ka dasa shinge mai rai da zai gaje shi. Aguwa da dashi reshe ake yankowa a kafa a ƙarshen rani, gab da saukar ruwa; in ka kafa su a tsakiyar damina ruɓewa suke yi. Magarya da bagaruwa iri ake shukawa kusa-kusa, a riƙa datse kansu don su yi rassa tun daga ƙasa. Lalle ma yana shinge, ga kuɗi a ganyensa. Bini-da-zugu dabba ba ta cin sa, amma 'ya'yansa guba ne ga yara, shi ya sa ba na son sa kusa da gida. Shinge mai rai sai ya yi damina biyu ko uku kafin ya iya tsare ɗan akuya.

Sauran hekta ɗaya da kwata uku ka bar ta gonar hatsi. A nan na saɓa da masu cewa a mayar da ko'ina kurmi. Tuwo daga masara da dawa da gero yake fitowa, su kuwa rana suke so tsagwaronta. Kowane manomi ya san dawar gindin ɗorawa siririya ce. Awon da aka yi a Burkina Faso ya nuna takan rasa fiye da rabin amfaninta a inuwar. Gawo ne ya fita daban, domin da damina yake zubar da ganye ya tofo da rani, ga taki a gindinsa, ga 'ya'ya ga dabbobi. Sai dai ya fi yawa a ƙasashen da ke arewa da mu, kuma jinkirin tashi gare shi; in ɗansa ya fito a gonarka ka kewaye shi da ƙaya. Abin da ya dace da filin hatsi itatuwa ne jefi-jefi, kamar ashirin zuwa arba'in a hekta, ana sare musu rassan ƙasa. Kuma ba sai ka sayi dashe ba.

A Maraɗi, cikin shekarun 1980, wani malamin gona mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tohon da manoma ke sassabewa kowace bazara suna fitowa ne daga kututturen itatuwa masu rai, masu saiwa mai zurfi. Maimakon a sare duka a cinna wuta, sai a zaɓi rassa biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a cire sauran, a riƙa gyara su duk shekara. Manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙe wannan, har aka ƙiyasta kimanin hekta miliyan biyar a Nijar sun sake samun itatuwa ta haka. Itacen da ya tashi daga tsohon kututture ba ya neman jarkarka ko ɗaya. Ranar sassabe ka riga 'yan ƙwadago shiga gonar, ka ɗaura tsumma a kan kalgo da marke da kanya da ɗinya da taura da gwandar daji, da duk ɗan kaɗanyar da ka gani, ka ce waɗannan a bar su. Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, ɗorawa takwas zuwa goma. Wadda ta riga ta fito ta rage maka hanya.

Ramukan tare ruwa da ake haƙawa a gicciye, waɗanda kusan kowane bidiyo ke farawa da su, ka yi hattara da su. Ƙasarmu tana da laka a ƙarƙashi, wani wurin marmara, samanta kuma yana yin ɓawo idan ruwa ya buge shi. A Yuni kana son ruwa ya tsaya, a Agusta kana son ya wuce. Ramin da ya riƙe ruwa kwana uku a gindin gwanda ya kashe ta. Haka ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, waɗanda ake kira "zai", da marigayi Yacouba Sawadogo ya shahara da su a Yatenga ta Burkina Faso: an yi su ne don fako, a ƙasar da ruwanta bai kai namu ba. In akwai fako a gonarka, ka yi su a can. Ga sauran wuraren, ka juya kunya ta gicciya gangare maimakon ta bi shi, ka ɗaɗɗaure kwarin kunya da 'yar ƙasa a farkon damina, ka buɗe idan marka ta kama. Duk bayan mita goma sha biyar ko ashirin ka dasa layin jema ko gamba, su tare ƙasar da ruwa ke kwasa. Gamba ga zana ga abincin dabba tun tana ɗanya. Layin da ya yi daidai kuwa, siririn tiyon nan mai ruwa da magina ke auna gini da shi ya isa ya fitar maka. Kafin duk wannan ka shiga gonar ana tsakiyar ruwa mai ƙarfi, ka ga ta inda yake shigowa, inda yake kwanciya, da inda ya fara cin zaizaya.

Yanzu kwatar da ka kewaye. Masu koyar da tsarin na maganar hawa bakwai na tsirrai, daga dogon itace zuwa mai yaɗo. Ruwanmu ba zai ɗauki bakwai ba, uku ko huɗu sun isa. A sama mangwaro mai aure, kamar takwas, ka haɗa mai nuna da wuri da mai jinkiri, domin a Afrilu da Mayu mangwaro kan cika kasuwar Sabon Gari har ya rasa daraja. Mai aure yakan fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo sai shida ko fiye. Ka duba gaɓar auren kafin ka biya, kuma duk tohon da ya fito ta ƙasanta ka cire shi. A tsakaninsu lemo da gwaba da yazawa. Ƙasa da su gwanda, wadda ke ba da 'ya'ya cikin shekara guda, da zogale, wanda za ka riƙa datsewa daidai ƙirji don ya yi ganye inda hannu ke kaiwa, da waken Masar, mai yi wa ƙaramin dashe inuwa, ya gyara ƙasa, ganyensa kuma ya tafi turke. A ƙasa kabewa da dankali da yakuwa da rama da kuɓewa da barkono, har zuwa lokacin da inuwa za ta haɗe, sai gwaza da citta su karɓa. Kuka ma ba sai ka jira ta girma ba: ka jiƙa irin a ruwan zafi ya kwana, ka shuka fange guda kusa-kusa, ka riƙa tsinkar ganye tana daidai gwiwa, kamar yadda ake yi a Mali.

Ramin dashe a Afrilu ko Mayu ake haƙa shi, faɗi da zurfi rabin mita da ɗan ɗoriya. Ka ware ƙasar sama, ka cuɗa ta da ruɓaɓɓen taki bokiti biyu da ɗan toka, ka mayar, ruwa ya daddale ta. Ka dasa a Yuni da zarar damina ta zauna. Wanda ya jira Agusta ya rage wa dashensa wata biyu na ruwan kyauta. Gwanda da lemo a ɗan tudu za ka ɗora su. A gefen kowane dashe ka binne tsohon tulu har wuya, ka rufe bakin da kasko. Ruwan da ka zuba zai riƙa tsattsafowa kai tsaye ga saiwa. Inda ruwan wanka ke fita ka haƙa rami, ka cika shi da sharar tsakar gida, ka zagaye shi da ayaba da gwaza. Masai da turke su yi nisan aƙalla mita talatin da rijiya, ta ƙasan gangare. Darbejiya ka jera ta a iyakar arewa maso gabas, ta inda hunturu ke busowa. Itacen turare kuwa kada ya matso ko rijiya ko shuka.

Ciyawar da ka rufe gindi da ita za ta jawo gara. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin dashen, ka barbaɗa toka. Gara ta fi kama itacen da ƙishi ya riga ya galabaitar. Wuta ta fi gara ɓarna. A Disamba da Janairu masu farautar gafiya kan cinna wa ciyawa wuta, don haka da an gama kaka ka share hanya mai faɗin mita uku zuwa biyar a bayan shinge.

To, saniya. Bunaji mai kilo 250 tana cin busasshen abinci kilo shida da ɗoriya a yini. Wata shida na rani ya haura tan ɗaya. Tunkiya ko akuya kamar kilo ɗaya take ci, wato kilo 180 a rani. Hektar gyaɗar da ta yi kyau takan ba da harawa tan ɗaya zuwa biyu. Ka ga abincin saniya ɗaya na tumaki shida ne, nonon da za ta bar maka bayan maraƙi ya sha da wuya ya wuce lita ɗaya zuwa biyu, ba kuma kowace shekara take haihuwa ba. Ga ɓarayin shanu, waɗanda ganin saniya a gida ke gayyatowa. Amsar tambayarka ita ce ko ɗaya, a yanzu. Lokacin huɗa ka yi hayar garmar shanu a gari.

Ka fara da kajin gida kamar goma da zakara. Abin da ke share su annobar nan ce ta lokacin hunturu da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Akwai riga-kafinta mai suna I-2 da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, ɗigo ɗaya a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma ya fi sauran jure zafi. Kazar da ka sayo a kasuwa ka ware ta mako biyu kafin ta shiga cikinsu. Ƙwan zabi kaza ake sa wa, ta fi uwarsu riƙon 'ya'ya. Na kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28. 'Yan tsaki su yi wata guda a rufe saboda shaho da shirwa. Idan itatuwa suka tasa, kaji su riƙa shiga gindinsu suna cin tsutsar ƙudan da ke ruɓar da mangwaro da gwaba, amma fangen ganye sai an kare shi daga gare su. Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar kaza ce mai ƙwai sosai, sai dai abincin buhu take so, sana'a ce daban.

Bayan ka ga harawar kakarka ta farko a ɗaure a kan rumfa, sai ka auna ta ka sayi jajayen awaki ko tumakin 'yan ƙasa daidai da ita, uku ko huɗu. A turke za su zauna, abinci ya same su. Cikinsu wata biyar ne, awakin kuma kan yi tagwaye. Ka yi musu allurar PPR, ciwon majina da zawon nan da ke kwashe garke, ka hana su kiwon fadama saboda ciwon hanta, kada kuma su kusanci ɗanyen gyauron dawa, yana kashewa cikin sa'o'i. A cikin irin gyaɗa da wake na cibiyar binciken noma ta Samaru, masu suna SAMNUT da SAMPEA, akwai waɗanda aka fitar don ƙwaya da harawa tare. Su za ka tambaya. Harawa tun ganyenta na kore ake ɗaure ta, kada raɓa da rana su kaɗe shi. Kiwon ragon layya yana da riba, amma ka lura a 'yan shekarun nan Babbar Sallah wajajen Mayu da Yuni take faɗowa, wato turkar na cin karo da lokacin da harawa da dusa suka fi tsada. Wanda ya ajiye tasa tun kaka shi ke cin ribar.

Batun daina sayen taki, gara in gaya maka gaskiya. Awaki da tumaki shida, in ka tara kashinsu kaf, da ƙyar ya kai tan ɗaya a shekara, alhali hektar masara tan da yawa take so. Takinka zai ishi kwatar lambun ne da ɗan abin da ke gefenta. Kowane buhun da ya bar gona ya tafi da wani abu na ƙasar. Gyaɗa da wake da waken suya suna mayar da sinadarin da yuriya ke bayarwa, amma ba sa ƙirƙiro wanda ke cikin takin sufa, shi ma kuwa ƙasarmu tana ƙarancinsa. Ka sa wa gyaɗa da waken suya sufa, masara ta bi bayansu da kamfa da yuriya daidai gwargwado, kana ragewa yayin da ƙasa ke farfaɗowa. Wannan juyin yana kuma rage wuta-wuta, ciyawar nan mai tsotse masara da dawa. Ka shimfiɗa ƙaiƙayi da guntun kara a turke su tsotse fitsari, domin kaso mai yawa na ƙarfin taki a nan yake. Takin juji na gari sai an tsince leda da kwalba da tsofaffin batura. Tsohuwar yarjejeniyar nan ta makiyayi ya kwantar da shanunsa a filin hatsi da rani, ya ci kara, ya bar kashi, a ba shi hatsi, har yanzu tana aiki inda akwai amana, kuma ta fi sayen saniya sauƙi.

Saura maganar zama. Gonar gado ce, itace kuwa abin shekara talatin ne ko fiye. Ka zauna da 'yan'uwa a raba a rubuce, dagaci da mai unguwa su sa hannu, kafin ka haƙa rami ɗaya. Ka tambayi dattawan garin ko burtali ko hanyar mashaya ta ratsa gefen gonar, kada shingenka ya toshe ta. Halin tsaro a ƙauyukan jihar nan ba ɓoyayye ba ne. In gonar ta yi nisa da gari, ka gina a bakin gari ka riƙa takawa, ko da hakan ya saɓa wa ƙa'idar lambu a ƙofar ɗaki. Uwargida ma a ji ta bakinta tun yanzu, domin kaji da zogale da kuka yawanci a hannunta za su ƙare, ga makarantar yara, ga nisan asibiti. Kada giratuti ya shiga ƙasa gaba ɗaya: shekara uku zuwa huɗu na farko itatuwa ci suke yi ba sa bayarwa, kuɗin cefane daga ganye da ƙwai da gwanda da rago zai fito.

Shekara biyun da suka rage maka sun isa gwaji tun albashi na shigowa. A ranin nan ka auna rijiya, ka ɗaura wa kututture tsumma, ka kewaye kwatar, ka haƙa ramuka ashirin zuwa talatin, gwargwadon abin da rijiyar ta nuna. Ka sami mutumin garin da zai riƙa ban ruwa, ka ba shi fange ya yi nasa ganyen a cikin shingen, don ya zama yana da dalilin zuwa kullum ko ba ka nan. Ka riƙe littafi kana rubuta jarka nawa aka ɗiba, dashe nawa ya mutu, da abin da ya kashe shi. Idan yawancinsu suka haye Afrilu biyu a raye, sai ka kira magini.